Yashica irin ta Baba

Wata Asabar ina dawowa daga cefane a Levenshulme, ruwan sama ya kora ni cikin wani shagon tsofaffin kaya a kan Stockport Road. Ina jiran ya tsagaita sai idona ya faɗa kan wata baƙar kyamara, an rubuta Yashica FX-3 a jikinta. Irinta sak mahaifina ya yi shekaru yana ratayawa a wuya a Zariya.

Baba mai hoto ne. Ranar hawan Sallah yana ƙofar fadar Zazzau, ranar yaye ɗalibai yana Samaru, ranar biki yana gidan amarya. Fim ɗaya hoto 36 yake ci, don haka ba ya latsawa sai ya tabbata. Ya kai a wanke a Sabon Gari, sannan ya hau keke yana bin mutane gida-gida yana karɓar kuɗinsa. Da wannan kuɗin na yi makaranta. Amma ina sakandare, in aka tambaye ni sana'ar mahaifina, sai in ce ɗan kasuwa ne. Kunya nake ji.

Na sayi kyamarar fam 35, kusan kuɗin cefanena na mako guda. Da dare na ture aikin digirina gefe, na shiga bin tarihinta.

Ashe kafin Yaƙin Duniya na Biyu Jamusawa ne ke riƙe da kambun, da Leica da Contax, mutanen Japan kuwa koyi suke yi da su. Nikon ya fara a 1917 yana yin gilasan hangen nesa, bai fitar da kyamara ba sai 1948. Canon ya samo sunansa daga Kwanon, samfurin gwaji na 1934. Da Nikon F ta fito a 1959, 'yan jarida suka rungume ta, ɗalibi ya wuce malaminsa. Shi Yashica an kafa shi a 1949 a yankin Nagano, ya kuma yi suna wajen kyamara mai araha. FX-3 ta fito a 1979. Ba ta buƙatar batir kafin ta ɗauki hoto, na'urar auna haske kaɗai ke cin batir. Nan na gane dalilin da Baba ya riƙe ta: talaka zai iya saye, kuma ba ta barin mutum a tsakiyar biki.

Kyocera ya haɗiye Yashica a 1983, ya daina yin kyamara a 2005. Minolta ma ya bar harkar a 2006, ya miƙa wa Sony. Ba da daɗewa ba wayar hannu ta cika Zariya, kowa ya zama mai hoton kansa, Baba ya rataye tasa a ƙusa. Abin mamaki, idon da ke ɗaukar hoto a cikin wayoyi da yawa Sony ne ke ƙera shi. Japan ta ba shi sana'a, da hannunta kuma aka karɓe.

Washegari na kira shi ta WhatsApp. Idonsa ya yi rauni yanzu, don haka ban nuna masa ba. Na kawo ta kusa da waya na latsa.

"Uwata," ya ce, don sunan mahaifiyarsa gare ni, "wannan ai Yashica ce. Ina kika same ta?"

Kusan awa guda yana koya mini. "Ki bar rana a bayanki. Kada ki buɗe ta da fim a ciki, haske zai ƙone komai." Rabon da in ji muryarsa da ƙarfi haka har na manta. Na so in nemi gafararsa kan waccan kunyar, bakina ya yi nauyi. Na dai ce, "Baba, ku ƙara mini bayani."

A gidanmu akwai album shida. Kowa yana ciki, daga suna zuwa aure, har maƙwabta. Shi kaɗai babu, domin kullum yana bayan kyamara. Hotonsa ɗaya muke da shi, na fasfo.

Na sayi fim biyu na Ilford, mai baƙi da fari, wanda ake yi a Mobberley kusa da nan Manchester. Ɗaya ina koyo da shi a unguwa. Ɗayan yana cikin akwatina, sai hutun Disamba in Allah ya kai mu. Na riga na gaya wa Baba ya sa a wanke babbar rigarsa.