Ciwon da ake ɗauka ƙyuya ce

A zamanmu na ƙarshen wata an tayar da maganar matar wani ɗan ƙungiyarmu, kuma da izininsu muka kawo ta nan, ba suna.

Kusan shekara guda ana ce mata raguwa. Da safe garau take tashi, ta yi shara, ta ɗora girki. Kafin la'asar fatar idonta ta sauko kamar mai gyangyaɗi, abu ɗaya ta gan shi biyu, tauna nama ta gagare ta, murya ta koma ta hanci. In ta kwanta ta huta, sai ƙarfi ya ɗan dawo. Wannan dawowar ce ta jawo mata magana: dangin miji suka ce ƙyuya ce, nata dangin suka ce sammu.

Da aka kai ta asibiti, likita ya ce sunan ciwon myasthenia gravis. Jijiya na aika wa tsoka saƙo ta hanyar wani sinadari, to a wannan ciwo garkuwar jiki ce ke juyowa ta toshe wuraren da tsoka ke karɓar saƙon. Tsokar na nan, saƙon ne ba ya isa sosai, kuma yawan aiki na ƙara rage shi. Ba a ɗaukar ciwon daga wani. Akwai magani, pyridostigmine, wani lokaci a haɗa da prednisolone, wasu kuma a yi musu tiyata a cire wani ƙullutu mai suna thymus da ke bayan ƙashin ƙirji.

Abin da ya fi tayar mana da hankali shi ne ɗabi'armu a nan Bauchi: duk kasala taifod ce ko maleriya, sai kemis. Alhali ciprofloxacin, allurar gentamicin da kwinin na cikin magungunan da kan tsananta wannan ciwo, har su taɓa numfashi. Mai irin waɗannan alamu kada a yi masa allura a gida. In yana ƙwarewa da ruwa ko numfashi na yi masa wuya, a wuce da shi sashen gaggawa na Asibitin Koyarwa na ATBU, ko da tsakar dare ne.

Ita yanzu Alhamdulillahi, tana cin abinci, ta koma sana'arta kaɗan-kaɗan. Sai dai maganin na kullum ne, kuma maigidan albashi ɗaya gare shi. Mai niyyar taimakawa ya ga ma'aji kafin zama na gaba. Allah Ya ba ta lafiya.