Gizagon Aro a Unguwar Gai

Ranar Asabar da sassafe muka bar Kano, mu 'yan ƙungiyar fasaha ta makarantarmu tare da malaminmu. Muka bi titin Zariya, muka karya kwana a Karfi, muka ratsa Bunkure, inda ruwan madatsar Tiga da aka kammala a 1974 ya sa gonaki suke kore shar ko da rani. Can sai ga duwatsun Rano. Malam ya tuna mana cewa Rano tana cikin Hausa Bakwai, kuma sarkinta ake yi wa kirari da Autan Bawo. Ba mu tsaya ba, muka wuce ƙasar Kibiya, hantsi ya same mu a Unguwar Gai, ɗaya daga cikin mazaɓun ƙaramar hukumar.

Abin da ya kai mu shi ne ganin masassaƙa. A aji an sha zana mana kayan aikin itace a kan allo, mun haddace sunayensu don jarrabawa, amma yawancinmu ba mu taɓa riƙe gizago ba.

Tun kafin mu gan su muka jiyo su: ƙwas, ƙwas, ƙwas, daga gindin wata tsamiya. Mutum shida ne, kowa ya miƙe ƙafa cikin ɓawon itace. Duk manoma ne. Da damina suna gona, sai an kai amfani rumbu suke dawowa nan. Wasu suna kai kayansu kasuwa, wasu kuwa sha'awa ce kawai da biyan buƙatar gida. Suka nuna mana cewa kowane aiki da itacensa. Ƙirya ake nema don turmi da taɓarya, saboda taurinta da jure daka. Aduwa ce ta allon karatu. Marke yana yin ƙotar fartanya mai ƙarko.

Da muka fara ƙirga kayan aiki don rubutawa a littattafanmu, sai muka lura da wani abu. Kowa yana da gatarinsa da ƙaramin gizagonsa, amma babu wanda ya mallaki kayan gaba ɗaya. Babban zarto na wani ne. Mahuri, wato ƙarfen da ake gasawa a wuta a huda itace da shi, na wani ne. Magagari na wani daban. Gizagon rarake cikin turmi, mai lanƙwasasshen baki, ɗaya ne tak a tsakaninsu, kuma mai shi wani dattijo ne da ba ya wurin a ranar.

Dalilin a fili yake. Ƙarfe mai kyau yana da tsada, kuma ba kullum ake rarake turmi ba. Idan kowa ya sayi nasa, gizago shida za su riƙa kwana a rataye suna tsatsa. Idan kuma aka ce sai mai cikakken kaya zai yi sassaƙa, to mutum biyar sun bar sana'ar ke nan. Saboda haka suke aron juna, bisa ƙa'idoji huɗu da ba a rubuta ba amma kowa ya sani. Ka faɗi ranar da za ka mayar. Ka wasa kafin ka mayar. Kada ka ba wani aron abin da ka aro. Idan ya lalace a hannunka, ka je ka faɗa da bakinka.

Ƙa'ida ta uku ce aka karya saboda mu. Masassaƙin da ke rarake turmi ya ga yadda muka zuba masa ido, sai kara ta sa ya miƙa wa ɗaya daga cikinmu gizagon ya gwada. Sara na farko ya yi daidai, muka yi tafi. Na biyu ya goce, ya sauka a kan dutsen da aka tokare gungumen da shi. Da aka ɗago, bakin ya ɓalle kamar haƙorin da ya ci tsakuwa.

Wurin ya yi tsit. Wani a cikinmu ya raɗa cewa a goga a dutsen wasi, ba wanda zai gane. Ashe masassaƙin ya ji. Ya ce, "Ɗana, mai gizago ya san bakin gizagonsa kamar yadda uwa ta san kukan ɗanta. Ku tashi mu je."

Muka bi shi zuwa ƙofar gidan dattijon, ƙafafunmu sun yi nauyi. Ya durƙusa ya gaishe shi, ya ce, "Baba, na yi laifi biyu. Na ba da abin da ba nawa ba, kuma ga abin da ya faru." Dattijon ya karɓa, ya shafa bakin da babban yatsa, ya daɗe bai ce komai ba. A nan muka ji cewa akwai turmin wata amarya da ya yi alkawarin gamawa kafin Juma'a, kuma da wannan gizagon zai yi aikin. Idan ya saɓa, sunansa ne zai ɓaci a gidan biki, ba namu ba.

Bai ɗaga murya ba. Ya ce da an ɓoye masa ya gano da kansa, da ba zai ƙara ba kowa aro ba, duk 'yan gindin tsamiya su koma yin ƙota da muciya kawai. Tunda an faɗa, sai a gyara. Ya yanke cewa masassaƙin ya biya rabin kuɗin maƙeri, ya kuma taya shi aikin yini guda, mu kuma mu biya rabi. Muka haɗa kuɗin abincin ranarmu. Malam bai sa ko sisi ba, ya ce darasin namu ne.

A maƙera muka zauna muna kallo. Aka zuga wuta har ƙarfen ya yi jawur, maƙeri ya buge bakin ya daidaita shi, ya tsoma a ruwa don ya yi tauri, sannan aka wasa. Muna jira Malam ya tambaye mu ma'anar kalmar ƙarshe ta Suratul Ma'un, wadda duk mun haddace tun muna firamare. Muka yi shiru. Ya ce malaman tafsiri sun ruwaito daga Abdullahi ɗan Mas'ud cewa ana nufin kayan da maƙwabta ke ara wa juna, irin su gatari da tukunya da guga. Ashe hana aro abin zargi ne. To amma, in ji shi, mai aro ma yana da nasa nauyin, don mai ɓata kayan mutane shi ke koya musu rowa.

A nan ne kuma wani saurayi da ya koyi aikin kafinta a Kano ya ba mu labarin abin da suke shiri. Sun fara adashi don sayen injin da kafintocin birni ke murza ƙafar gado da ta kujera. Da gizago, itace yana zaune ne hannu yana sara. A injin kuwa itacen ne ke juyawa da gudu, mai aiki ya kara masa ƙarfe mai kaifi, ya fito a mulmule ko'ina daidai. Taɓaryar da ke cin yini sai a gama ta kafin azahar. Amma har yanzu ba su daidaita ba. Wa zai sayi man janareta? A gidan wa za a ajiye? Wa zai hana yaro mai hannun riga burum-burum matsowa kusa, tunda injin yana iya fizgarsa? Dattawa sun ce kada a sayo sai an amsa waɗannan, domin gizago idan ya ɓalle maƙeri yana kusa, inji kuwa sai an kai birni.

Malam ya ce ba su kaɗai ke wannan lissafi ba. A birnin Barkili na jihar Kalifoniya a Amurka, tun 1979 ɗakin karatu na gwamnati yake ba da aron zarto da guduma kamar yadda yake ba da aron littafi, a rubuta sunanka da ranar mayarwa.

Da la'asar muka mayar wa dattijon gizagonsa. Ya gwada bakin a farcensa, ya gyaɗa kai, ya sa aka kawo mana fura, don ya san ba mu ci komai ba.

A mota muka tuna akwatin kayan zane na ajinmu, wanda aka cika a farkon zango, yanzu saura kamfas biyu da rula mai karyayyen baki, kuma ba wanda ya taɓa cewa shi ne. Ranar Litinin muka sayi littafi mai shafi arba'in, muka rubuta ƙa'idoji huɗun nan a bangonsa. Sunan farko da ya shiga ciki na abokinmu ne mai sara na biyu. Ya ari kamfas, ya dawo da shi ranar Laraba.