Gidan Da Aka Saya Fam 10

Mu da muka taso cikin ginin ƙasa mun ɗauka Turawa ba su taɓa zama sai cikin dutse da bulo ba. Ba haka ba ne. Kakanninsu a Ingila sukan kafa ƙashin gida da itacen ok mai ƙarfi, su haɗa ginshiƙan da turakun itace maimakon ƙusa. Tsakanin ginshiƙan sai su saƙa ƙirare, su yaɓe da laka gauraye da ciyawa da kashin shanu, su shafe da farar ƙasa. Gidajen nan da dama suna nan tsaye har yau, da mutane a ciki.

Akwai ɗaya a ƙauyen Alfiriston, kudancin Ingila, dab da coci. Gidan limamin ikkilisiya ne a dā, jinka ce a kansa, ya haura shekara 600. An bar shi ya lalace har aka yi niyyar rushe shi. Limamin garin ya ƙi yin shiru, ya yi ta neman mai ceto. A 1896 ƙungiyar National Trust, wadda aka kafa a 1895, ta saye shi fam 10 ta gyara. Shi ne gini na fari da ta mallaka. Daga baya, dokar 1947 ta sa gwamnati ta rubuta tsofaffin gine-gine cikin littafi. Yanzu mai irin gidan nan ba ya rushe shi ko ya sake masa kama sai da izinin hukuma.

Masu gyaran sun koyi wani abu kuma. In aka shafa wa bangon siminti, ruwa yakan maƙale a ciki, itacen ya ruɓe. Laka da farar ƙasa su ke barin danshi ya fita. Abin da aka gina gida da shi, da shi za a yi masa magani.

To, mu fa? Siminti yakan yi wa bangon ƙasa irin wannan ɓarna. Muna da majami'un da iyayenmu suka kwaɓa ƙasarsu da ƙafa, kamar tsohon cocin Wusasa. Da zarar baiko ya ƙaru, mukan yi ɗokin rushe tsohon gini. Ranar da 'ya'yanmu suka tambaye mu inda bishara ta fara zama a garinmu, me za mu nuna masu? Kafin damina ta faɗi, bari dattawan ikkilisiya su zaga su duba yaɓe da indararo.