Dutse Ma Da Babba Da Yaro

'Yan uwa mazauna Minna. Duk baƙon da ya zo mana daga gida sai ya tanka duwatsun garin nan. Bakano ya dubi Dutsen Paida ya ce bai kai Dala kwarjini ba, Bazazzagi kuma ya jawo zancen Kufena. Ni dai ba na shiga musun, domin ana auna su ne da ido, alhali shi dutse yadda ka gan shi yana da nasaba da shekarunsa.

Duwatsun nan namu masu sulɓin kai, har da Zuma da ke kusa da Suleja, wanda aka sa a takardar naira 100 a 1999, tsofaffi ne tukuf. Masana sun ce narkakken dutse ne ya daskare can ƙarƙashin ƙasa, shekara wajen miliyan 600 da suka wuce. Ruwa ya yi ta wanke ƙasar da ta rufe su har suka fito fili, rana da damina kuma suka yi ta ɓare su ɓawo-ɓawo kamar albasa. Shi ya sa ba su da tsini. Kufena ma sa'ansu ne. Dala kuwa wani iri ne daban, jan marmara ce ta lulluɓe kansa, kuma a wajensa mutanen farko suka narka tama.

Na Jos da ake haƙar kuza ba su cika miliyan 200 ba. To ina ga Himalaya, masu tsinin nan da ƙanƙara a ka, inda Everest ya kai mita 8,849? Yara ne, shekararsu kamar miliyan 50, har yau ma tsawo suke ƙarawa saboda ƙasar Indiya na tunkuɗar Asiya.

Abin da ke damuna shi ne yadda muke yi da namu. Gwarawa a kan duwatsun nan suka fake zamanin hare-hare, da yawa daga cikin iyayenmu kuwa jirgin ƙasa suka biyo, bayan an kammala layin Baro zuwa Kano a 1911. Yanzu da mu da masu garin duk gini muke, kowa na neman tsakuwa. Akwai wani gefen dutse a hanyar unguwarmu da na sani da baƙar fuska mai santsi, bana fari fat yake, an cinye rabinsa, tifa na jiran lodi a gindi.