Mai Kiɗa a Bayan Zabiya

Yau ina so in faɗa muku wani laifi da na daɗe ina yi, da yadda labarin wani Bature makaɗi ya sa na gane shi.

Ni haifaffiyar Ɗorayi ce. Babanmu ya yi shekaru yana aiki a wata masaƙa a Sharaɗa, har ranar da aka rufe ta aka sallami ma'aikata. Ya zaga Calawa, ya zaga Bompai, ko'ina sai a ce babu gurbi. Tun daga nan cefanen gidanmu ya koma wuyan Inna. Sana'arta kuwa kiɗan ƙwarya. Ba ita ce zabiya ba, tana dai cikin mata huɗu masu zama a bayan zabiya a gidan biki ko suna, suna kiɗa suna amshi. Ita ce mai babbar ƙwaryar nan da akan kifa cikin ruwa. In an tashi rabon kuɗin liƙi, zabiya ta ɗauki kaso mai tsoka, su kuma a ba su abin da ya samu. Da wannan ɗan abin aka yi mini hidimar karatu har na shiga kwalejin horon malamai.

To, ga laifin. A kwaleji in an tambaye ni sana'ar uwata, sai in ce 'yar kasuwa ce. Nakan ce a raina, da ma ita ce mai waƙar, kamar Barmani Choge ta Funtuwa wadda ta rasu a 2013, da ko a rediyo an ji sunanta. Amma mai zama a baya, wa ya san da ita?

Ana nan, a shekarar ƙarshe, malaminmu mai koya mana yadda ake koyar da yara waƙa ya kawo zancen fiyano. Ba irin na lantarki da ake waƙoƙin fim da shi ba, a'a, babban na katako, mai madannai 88, farare 52, baƙaƙe 36. Ya ce a ƙasar Turai akwai masu kaɗa shi su kaɗai a tafa musu, akwai kuma waɗanda aikinsu raka mawaƙi. Sa'an nan ya ba mu labarin wani gwanin rakiya, Gerald Moore.

An haifi Moore a garin Watford na Ingila a 1899. Yana yaro iyayensa suka ƙaura zuwa Toronto ta ƙasar Kanada, inda har ya yi kiɗa a gidan silima, zamanin da hotuna ba su magana. Da ya komo Ingila sai ya zaɓi raka mawaƙa. A wancan zamani ba a ɗauki mai rakiya a bakin komai ba, sau da yawa ko sunansa ba a rubutawa a jikin faifai. Shi kuwa bai yarda aikinsa ƙarami ne ba. Ya yi ta yi wa jama'a lacca a kai, a 1943 kuma ya fitar da littafi wanda ma'anar sunansa ita ce mai rakiya da ba ya jin kunyar aikinsa. Ya raka Kathleen Ferrier, mawaƙiyar Ingila. Shi da Bajamushen nan Fischer-Dieskau suka naɗi waƙoƙin Schubert fiye da 400 a faifai. Ran 20 ga Fabrairu 1967 aka yi masa bikin ban kwana a Landan, manyan mawaƙa uku suka zo suka yi waƙa don girmama shi. Ya rasu a 1987.

Malam ya ce aikin mai rakiya ba buga madannai kaɗai ba ne. Dole ya san kalmomin waƙar, ya san inda mawaƙi zai ja numfashi ya jira shi. In muryar mawaƙi ta dushe, ya saukar da kiɗan daidai da ita. In mawaƙi ya yi tsallake, ya bi shi ba tare da 'yan kallo sun lura ba. Ina jin haka sai jikina ya yi sanyi.

Da na koma gida na tarar da Inna tana ɗinke wata ƙwarya da ta tsage. Na ce, "Inna, in kina kiɗa, me kike lura da shi?" Ta yi dariya ta ce, "Ke 'yar nan, numfashin Hajiya mana. In ta gaji, na sassauta hannu. In baiti ya kuɓuce mata, mu yi ta juya amshi har ta tuno, babu wadda za ta gane." Watau abin da Bature ya rubuta littafi a kai, Inna ta fi shekara ashirin tana yinsa, ba ta taɓa shiga aji ba.

A nan na faɗa mata ƙaryar da na yi ta yi a kanta. Ta yi shiru jim kaɗan, sa'an nan ta ce, "Ai na sani. Shi ya sa ban taɓa zuwa miki ziyara ba." Wannan magana har yau tana sukata.

Ku duba, 'yan'uwa. Kowa ya san Mamman Shata, wanda ya rasu a 1999, amma mu nawa ne za mu iya kawo sunan ko mutum ɗaya cikin masu yi masa kalangu? Alhali kuwa hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Ku 'yan makaranta, kada karatu ya sa ku ɓoye hannun da ya ciyar da ku. Ku kuma matan gida, in kun tashi liƙi a biki, ku ɗan zaga baya ku manna wa masu ƙwarya nasu.

Yanzu ina koyarwa a wata firamare a unguwarmu. Ranar da na tambayi yara sana'ar iyayensu, da tawa uwar na fara. Allah ya ba mu ikon saka wa iyaye da alheri, amin. Wassalam.