Abin da na gano a Kano, da abin da na tarar a gida

Ni malamin yaƙi da jahilci ne a nan Difa. Yau zan ba ku labarin ɗakina.

A watan Oktoba na 2019 Komadugu ta cika ta tumbatsa. Ta ci gonakin tattasai da na shinkafa, ta ci gidaje. Namu na ciki. Muka kwashe yara da tabarmi muka koma kan tudu, muka yi shekara biyu cikin rumfar zana da leda. Tun lokacin na ƙudura a raina, in Allah ya hore mini, sai na yi ginin siminti da rufin kwano, irin na manyan ƴan kasuwa.

A farkon 2022 wani ɗan'uwan mahaifina ya ce in raka shi Kano, in riƙe masa lissafin buhunan tattasai. Muka bi ta Maine-Soruwa da Gudumariya da Gure zuwa Damagaram. Daga nan muka bi ta Matamai, muka tsallaka iyaka, muka ratsa Daura, sai Kano.

Ɗakin da aka sauke mu na siminti ne da kwano, irin wanda nake mafarki. Da dare sanyi ya hana mu barci. Da rana kuwa kwanon ya ɗauki zafi, sai mun fito waje.

Rana ta uku mai masaukinmu ya kai ni Gidan Makama, kusa da fadar sarki. Tsohon gida ne na ƙasa, asalinsa tun zamanin Sarki Muhammadu Rumfa, wanda ya yi sarauta daga 1463 zuwa 1499. Yanzu gidan tarihi ne. Da na shiga soron farko, sai na ji sanyi ya ratsa ni, alhali ana tsakar rana. Na ɗaga kai, na ga rufin a lanƙwashe ba ginshiƙi a tsakiya. Aka ce mini shi ne bakan gizo, azara ce ta giginya ake jerawa a lulluɓe ta da ƙasa.

Na yi ta tambaya ina rubutawa. Wani tsohon magini ya ce mini kaurin bango shi ke riƙe sanyi: kafin zafin rana ya ratsa shi, dare ya yi. Ya ce zanen da ake yi a bango, kamar dagi, tun yaɓe na ɗanye ake fitar da shi. Sannan a shafe da makuba, wato ruwan ɓawon ɗorawa, don kada ruwan sama ya ci. Wasu na haɗawa da katsi, abin da ake kwasowa daga gindin karofi, kamar na marinar Ƙofar Mata.

A hanyar komowa muka kwana Damagaram. Na zagaya unguwar Birni, sai ga irin wannan zane a ƙofofin gidaje. Ashe a ƙasarmu ma akwai shi, ban taɓa tsayawa na duba ba.

Da na iso gida na ce wa maiɗakina na fasa kwano. Ranta ya ɓaci. Ta ce, "Malam, shekara biyu muna cikin leda, yanzu kuma ka ce ƙasa? Me dangina za su ce?" Na ce ta yi haƙuri ta ga aikin. Ta yi shiru, amma kwana uku ba ta yi mini fira ba.

Muka ɗebo laka daga bakin Komadugu da amalanke, saboda ƙasar tudu yashi ce, ba ta kamawa. Muka cuɗa da ciyawa da kashin shanu, muka bar ta ta kwana biyar, muka yi bango mai kauri. Siminti buhu kaɗan na saya, na sa a gindin bango kawai.

Ga inda na yi kure. Na zana dagi babba a waje, bisa ƙofa. Ɗorawa ba ta cika samuwa a wajenmu ba, sai na bar shi ba makuba. Ruwan watan Agusta ya zo da iska daga gabas, cikin dare biyu ya wanke shi sarai. Maƙwabta suka yi dariya, har almajiraina na makarantar dare suka riƙa tambayata ina dagin ya tafi.

Surukata ce ta cece ni. Ta zo ta duba, ta ce, "Ɗana, abin da ka je nema Kano, uwata ta yi shi a nan bakin ruwa." Ta sa aka jiƙa bagaruwa, wadda ke ko'ina a kwarin Komadugu. Ta tara mata, suka zuba tsakuwa, suna yayyafa ruwan bagaruwa suna bugu da madaɓi, har daɓen ya yi ƙarfi ya yi duhu. Ta saƙa tabarmar kaba mai ja da baƙi. Maiɗakina ta fito da kwanonin aurenta da suka tsira daga ruwa, ta jera su, ta rataye faya-fayi a bango. Ni kuma na sake zanen a ciki, inda ruwa ba ya kai wa, na shafe da farar ƙasa.

A bazarar da ta biyo, yara suka riƙa barcin rana cikin ɗakin. Maiɗakina da kanta take kiran ƙawayenta su zo su gani. Kuɗin kwanon kuwa, tunkiya biyu muka saya da shi.

Ƴan'uwa, mai shirin gini ya fara duba inda ruwa ya tsaya a shekarar cika, ya yi nesa da wurin. Ya ɗaga gindin ɗaki, ya sa indararo mai tsawo. Ya sake yaɓe kowace shekara kafin damina, don ginin ƙasa ba ya son sakaci. In kun yi tafiya, ku duba ku yi tambaya, ku rubuta, tun da yanzu kun iya. In kun komo, ku karanta wa tsofaffinku kafin ku taɓa laka.

Allah ya kare mu daga ambaliya, ya ba mu damina mai albarka. Amin.