Rai Buba: Gari Mai Ƙofofi Biyu

A wannan fitowa za mu leƙa Rai Buba, ƙaramin gari mai babban suna a Jihar Arewa ta ƙasar Kamaru. Daga Garwa muka bi titin Ngaundere, muka karkata gabas a mahaɗar Gijiba zuwa Collire, hedkwatar yankin Mayo-Rai, sa'an nan muka yi arewa. Wanda ya isa garin, abin da zai fara cika masa ido shi ne katangar fada, ginin ƙasa mai tsayin kusan mita 7. A shekarar 2006 Kamaru ta sa wannan fada cikin jerin wuraren da take neman Hukumar UNESCO ta ɗauka a matsayin kayan tarihin duniya.

Buba Njidda, Bafulatani daga zuriyar Yillaga, shi ne ya kafa garin a farkon ƙarni na 19, zamanin da Modibbo Adama ya karɓo tuta daga hannun Shehu Usmanu ɗan Fodiyo. A bisa tsari Rai na ƙarƙashin Yola ne, amma sarakunanta ba su cika jin kiran Yola ba. Ƙasar da suka mallaka, wadda ta haɗa Dama da Mono da Duru da Mbum, ita ce kusan yankin Mayo-Rai na yau, wanda ya fi ƙasar Beljiyam faɗi.

A watan Satumba na 1901 Turawan Ingila suka ci Yola, a watan Nuwamba kuma sojojin Jamus ƙarƙashin Cramer von Clausbruch suka karya rundunar Lamiɗo Zubairu a Garwa. Da yake Jamusawa ba su da yawan ma'aikata, sai suka bar lamiɗai bisa karagunsu, su riƙa tara haraji da yanke shari'a. Bayan Garwa ta kuɓuce musu a watan Yuni na 1915, Faransawa suka gaji wannan dabara, har ma suka sakar wa Lamiɗo Buba Jama'a na Rai mara fiye da takwarorinsa, saboda goyon bayan da ya ba su a yaƙi. Asalin ƙarfin da fadar Rai take da shi har yau ke nan.

Bahaushe ba zai yi baƙunta a fadojin wannan yanki ba, domin zai ji Galadima da Sarkin Yaƙi da Alƙali da Liman da dogarai, sunayen da ya saba ji a Kano ko Katsina. Sai dai dokar ƙasa ta yi wa sarauta iyaka. Dokar 15 ga Yuli 1977 ta kasa sarakunan gargajiya daraja uku, ta mai da su mataimakan gwamnati. A arewa galibi lamiɗo ne a daraja ta ɗaya, lawan a ta biyu, jauro a ta uku. Daga 2013 aka yanka musu alawus na wata: sefa 200,000 da 100,000 da 50,000. A wannan shekarar ce kuma Lamiɗo Abubakari Abdullahi, wanda ya hau karagar Rai a 2006, ya zama mataimaki na farko ga shugaban Majalisar Dattawa. Ba a rasa ƙorafi ba: a shekarun 1990 ƙungiyoyin kare haƙƙin ɗan Adam sun zargi dogaran Rai da tsare 'yan adawa da dukansu.

Ƙofa ta biyu ita ce ta hukuma. Akwai sufurefe, wanda shugaban ƙasa ke naɗawa, yana ƙarƙashin furefe na Collire da gwamna na Garwa. Akwai kuma magajin gari, wanda kansiloli ke zaɓa daga cikinsu bayan jama'a sun zaɓe su. Dokokin 2004 da na 2019 sun ɗora wa ƙananan hukumomi kula da kasuwanni da rijiyoyi da azuzuwan makarantun firamare da ɗakunan shan magani.

Ga inda zancen ya shafi kowane gida. Rikicin gona tsakanin manomi da makiyayi, ko saɓanin aure da gado, a ƙofar jauro ko a fada aka fi kashe su, cikin sauri da harshen da kowa ke ji. Amma fada ba ta ba da takardar haihuwa. Wannan aikin magajin gari ne da cibiyoyin rajista, kuma wa'adinsa kwana 90 ne. Wanda ya yi sakaci ƙwarai, sai ya bi ta kotu, da kuɗin mota da ɓata kwanaki. Yara da yawa a arewacin Kamaru sun kai ajin ƙarshe na firamare, rashin wannan takarda ya tsaya musu a gaban jarrabawa. Haka batun fili yake: jauro na iya nuna wa mutum inda zai noma ko ya yi gini, alhali tun dokar 1974 takardar mallaka ta gwamnati kaɗai ce cikakkiyar hujja a gaban shari'a.

Saboda haka muna kira ga magidanta, na Rai da na Garwa da na sauran garuruwanmu, su ba kowace ƙofa haƙƙinta. A girmama fada, a nemi sulhunta, amma kada ragon suna ya mantar da mu rajistar jariri. Mako guda ake yi kafin suna. Wanda ya ƙara mako guda ya je ofishin magajin gari, ya sauke wa ɗansa nauyin da zai iya tare masa hanya bayan shekara 12. Allah ya raya mana zuriya, ya zaunar da ƙasashenmu lafiya. Wassalam.